Hadda ko fahimta: me ya sa lissafin sau da rabawa na 'yan firamare ya canza kama?

Iyaye da yawa yanzu in yaro ya kawo aikin gida na lissafi sai su tsaya suna kallon littafin kawai, tambayar dai 23 sau 14 ce amma maimakon a jera lamba ƙarƙashin lamba yadda aka saba sai ka ga an zana akwati an raba shi gida huɗu, ko kuma a wajen rabawa ka ga yaro yana ta cire 120, ya sake cire 36, kamar ma ba rabawa aka ce ya yi ba. In uba ya ce kawo in nuna maka sai yaron ya ce ai ba haka malama ta koya mana ba. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne a daidai lokacin da ake cewa a rage hadda a ƙara fahimta, sai ga Ingila daga 2022 ta wajabta wa duk 'yan aji huɗu jarrabawar jadawalin sau, wanda yara ke kira taims tebur, kuma da agogo ake yin ta. To wanne za a kama?

## Mene ne sau, mene ne rabawa

Ma'anar farko da ake ba yaro ita ce sau tarawa ce da ake maimaitawa, 4 sau 3 yana nufin 4 da 4 da 4. Wannan gaskiya ne kuma nan ake farawa, sai dai ma'anar ba ta kai yaro nesa, don ran da aka ce masa 6 sau rabi ba zai san yadda ake tara shida "rabin sau" ba. Shi ya sa malamai ke ƙara masa hoto na biyu, wato jeri: kujeru layi 3, kowane layi kujera 4. In ka tsaya ta gaba layi 3 ne na huɗu-huɗu, in ka zagaya ta gefe layi 4 ne na uku-uku, kujerun dai 12 ne ba su ƙaru ba ba su ragu ba. Daga nan yaro yake gani da idonsa cewa 3 sau 4 da 4 sau 3 abu ɗaya ne, ba sai an ce masa ya yarda kawai ba. Akwai kuma ma'ana ta uku da ake yawan tsallakewa, ta kwatanci, kamar a ce wannan igiyar ta ninka waccan sau uku a tsawo.

Ita rabawa fuska biyu gare ta kuma nan ne ruɗani ke fara shigowa. 12 a raba 3 na iya nufin fensir 12 za a raba wa yara 3, kowa nawa zai samu? Yana kuma iya nufin fensir 12 za a ɗaure su uku-uku, ɗauri nawa za a samu? Amsar 4 ce duka biyun amma aikin da hannu da kai ke yi daban ne. A na farko ka san adadin masu karɓa kana neman rabon kowa, a na biyu ka san rabon kana neman mutum nawa zai isa. Binciken masanin koyon lissafi Efraim Fischbein da abokan aikinsa na 1985 ya nuna cewa hotunan farko da yara suka ɗauka suna bin su har sama, suna ɗauka sau kullum ƙara lamba yake yi rabawa kuma kullum rage ta take yi. Yaron da rabon "kowa nawa zai samu" kaɗai ya sani, in ya je aji shida aka ce 6 a raba da rabi sai ya tsaya cak, don ba a raba wa rabin mutum abu. Wanda ya san ɗaya fuskar zai tambayi kansa rabi nawa ne a cikin 6, ya ce 12.

## Daga ina sababbin hanyoyin suka fito

Da farko dai yawancinsu ba sababbi ba ne. Misirawan dā, kamar yadda tsohuwar takardar lissafi da ake kira Rhind ta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa ta nuna, da ninki biyu-biyu suke yin sau: in za su yi 13 sau 24 sai su rubuta 24, 48, 96, 192, su ɗauki na 1 da na 4 da na 8 tunda su ne suka haɗa 13, su tara 24 da 96 da 192 su samu 312. Hadda ma tsohuwa ce, a China an samu jadawalin sau rubuce a kan sandunan gora tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau yaran can suna rera jadawalin sau da ke tsayawa a 9 sau 9.

Abin da ya canza a makarantu ya taso ne daga ƙarni na 20. Masanin halayyar ɗan adam Jerome Bruner a 1966 ya bayyana cewa yaro na koyon abu ta matakai uku, ya taɓa da hannu, ya gani a zane, sannan ya yi da alamomi zalla. Singafo ta ɗauki wannan tunanin ta gina manhajarta a kai tun farkon shekarun 1980, har da zanen sanduna da yara ke yi kafin su rubuta lissafin, kuma da ƙasar ta riƙa fitowa a sahun gaba a gwajin ƙasa da ƙasa na TIMSS sai sauran ƙasashe suka fara leƙowa. A Holan kuma Hans Freudenthal da almajiransa suka ce lissafi ya fara daga yanayin da yaro zai iya hasashensa, ya ƙirƙiri tasa hanyar a hankali a gyara masa. Richard Skemp a Birtaniya a 1976 ya bambanta sanin "yadda ake yi" da sanin "yadda ake yi da dalilin da ya sa".

A Amurka ƙungiyar malaman lissafi ta NCTM ta fitar da ƙa'idojinta a 1989 inda ta rage nauyin da ake ɗora wa atisayen takarda da fensir, abin ya jawo cece-kuce mai zafi a shekarun 1990 musamman a Kalifoniya, har malaman jami'a da iyaye suka shiga. Ingila ta shigo da akwatin sau da rabawa ta cire-cire cikin azuzuwa sosai daga shirin lissafi na ƙasa na 1999, sannan manhajar 2014 ta dawo da nauyi kan tsofaffin hanyoyin rubutu ta kuma ce yaro ya san jadawali har 12 sau 12 kafin ya gama aji huɗu. Wato abin yana ta kai-komo ne, kuma iyayen da suka yi makaranta a wani zango suna haɗuwa da 'ya'yan da aka koyar a wani zangon.

## Akwatin nan da tsohuwar hanya lissafi ɗaya ne

A ɗauki 23 sau 14 ɗin nan. A akwati yaro zai fasa 23 ta zama 20 da 3, ya fasa 14 ta zama 10 da 4, sai ya cika gidaje huɗu: 20 sau 10 shi ne 200, 20 sau 4 shi ne 80, 3 sau 10 shi ne 30, 3 sau 4 shi ne 12, ya tara ya samu 322. A tsohuwar hanya za ka ce 4 sau 3 sha biyu, rubuta 2 riƙe 1, 4 sau 2 takwas da ɗayan nan tara, ka samu 92, ka sauko layi na biyu ka sa sifili ko ka bar gurbi ka rubuta 23, wato 230, ka tara ka samu 322. To 92 ɗin nan ai 80 da 12 ne, 230 kuma 200 da 30 ne. Gidaje huɗun nan duk suna cikin tsohuwar hanyar, an dai matse su ne cikin layi biyu don a yi sauri.

Matsin nan shi ne amfaninta kuma shi ne matsalarta. Mai cewa "4 sau 2" a zahiri 4 sau 20 yake yi amma bakinsa bai faɗa ba, yaron da bai riƙe matsayin lamba ba, wato bambancin ɗai-ɗai da gomomi da ɗaruruwa, ba zai san haka ba. Liping Ma a binciken da ta wallafa a 1999 ta kwatanta malaman firamare na Amurka da na China, ɗaya daga cikin tambayoyin shi ne yara sun yi 123 sau 645 sun jera 615 da 492 da 738 a layi ɗaya ba su matsar da komai ba, suka samu 1,845 maimakon 79,335, ya za ka gyara musu? Malamai da dama na ɓangaren Amurka abin da suka iya cewa shi ne a tuna wa yara su riƙa matsawa gurbi ɗaya, wasu ma su sa wata alama ta riƙe wurin, alhali asalin maganar ita ce 492 ɗin nan 4,920 ne, 738 kuma 73,800 ne. Malamin da ya san wannan ko da tsohuwar hanya ya koyar yaro zai gane. Wanda bai sani ba ko akwatin ka ba shi zai mai da shi wata haddar ce kawai.

Akwati na da iyakarsa fa. Lamba uku sau lamba uku gida tara ne, huɗu sau huɗu gida sha shida, ga cin takarda ga cin lokaci ga kuma yawan wuraren da za a yi kuskuren tarawa.

## Rabawa ta fi ba da wahala

Doguwar rabawa ita ce wurin da yara suka fi zubewa, dalili kuwa a fili yake, a kowane mataki sai yaro ya yi ƙiyasi, ya yi sau, ya ɗebe, ya sauko da lamba, sannan ya sake komawa farko, kuma ita kaɗai ce ake farawa daga hagu bayan shekaru ana ce masa ya fara daga dama. Kuskuren da malamai suka fi sani shi ne na sifilin tsakiya: 618 a raba 6, yaro ya ce 6 cikin 6 ɗaya, 6 cikin 1 ba ya shiga sai ya wuce, 6 cikin 18 uku, ya rubuta 13. Amsar 103 ce. Da ya tsaya ya tambayi kansa ko 13 sau 6 zai kai ɗari shida da ya kama kansa, amma wanda matakai kawai yake bi ba ya irin wannan tambayar.

Hanyar cire-cire an kawo ta ne don wannan. 432 a raba 16: yaro ya san 16 sau 10 shi ne 160, ya cire saura 272, ya sake cire 160 saura 112, ya cire 80 wato sau 5 saura 32, ya cire sau 2 ya ƙare, ya tara 10 da 10 da 5 da 2 ya samu 27. Yana aiki da lambar gaba ɗayanta ne kuma ko ƙiyasinsa ya yi ƙasa ba sai ya goge ba, ci gaba kawai zai yi. Inda take lalacewa shi ne in an bar yaro yana cire 16, 16, 16 har sau 27 ba wanda ya tura shi ya ɗauki babban kaso, layi ya yi tsawo kuskure ya shigo.

Sai maganar saura, wadda ita ce ke tona ko yaro ya gane tambayar. Akwai tambayar da ta shahara daga gwajin ƙasa na Amurka a farkon shekarun 1980: sojoji 1,128 za a kwasa, kowace bas na ɗaukar 36, bas nawa ake buƙata? Yawancin 'yan shekara 13 sun yi rabawar daidai, amma waɗanda suka ce 32 ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, da yawa "31 saura 12" suka rubuta suka wuce abinsu. A gwada da 26 a raba 4 ma a ga yadda amsa ke canzawa. Ɗalibai 26 mota na ɗaukar 4, mota 7 ake so. Fensir 26 ana ɗaure huɗu-huɗu, cikakken ɗauri 6 ne. Igiya mita 26 za a yanka gida huɗu daidai, kowane mita 6 da rabi. Lissafin ɗaya, amsa uku.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan hadda da atisaye hujjarsu mafi ƙarfi daga ilimin ƙwaƙwalwa take. Masanin yadda ake koyo John Sweller tun 1988 yake bayanin cewa abin da mutum zai iya riƙewa a kai lokaci guda yana aiki da shi kaɗan ne ƙwarai, don haka yaron da sai ya ƙirga yatsu kafin ya samu 7 sau 8 a tsakiyar doguwar rabawa, kafin ya gama ƙirgar ya manta inda yake. In 56 ta zo masa nan take sai kansa ya samu sararin tunanin ainihin tambayar. Suna ƙara da cewa lissafin kaso, irin su rabi da kwata, da aljabra, wato lissafi da haruffa, duk a kan jadawalin suke zaune, wanda bai ga 7 a cikin 42 da 56 ba ba zai iya rage 42 bisa 56 ba. Jarrabawar Ingila daga wannan tunanin ta fito: tambaya 25 a kwamfuta ko tablet, daƙiƙa 6 kowace tambaya, an fi yawaita na 6, 7, 8, 9 da 12. An zaɓi ɗan gajeren lokacin ne don a ga ko yaro tunowa yake yi ko ƙirgawa. Ba a sa makin ci ko faɗuwa ba.

Ɗaya ɓangaren ba cewa suke kada yaro ya san jadawali ba, yawancinsu a kan hanyar da ake bi da kuma agogon suke magana. Jo Boaler ta jami'ar Stanford ta daɗe tana cewa gwajin sauri na sa wa wasu yara fargabar lissafi tun suna ƙanana, har su ɗauka wanda ya fi sauri shi ya fi kai. Constance Kamii, mai bincike kan koyon lissafin yara, ta ma fi tsananta, ta ce koyar da matakan jere tun da wuri yana sa yaro ya watsar da tunaninsa ya kuma rikita masa matsayin lamba. Ƙungiyoyin malamai a Ingila su ma sun yi ƙorafin cewa jarrabawar ƙarin nauyi ce a kan abin da makarantu suka riga suka sani game da ɗalibansu. Masu sukar Boaler kuma na cewa hujjar da ke nuna agogon ne ke haifar da fargabar ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba, wataƙila rashin iya abin ne ke kawo tsoron tun farko.

In aka duba takardun hukuma sai a ga tazarar ba ta kai yadda ake ji a muhawara ba. Kwamitin da gwamnatin Amurka ta kafa kan lissafi ya ce a rahotonsa na 2008 fahimta da iya lissafi da sauri da warware matsala kowanne na ƙarfafa ɗan uwansa. Ƙa'idojin manhajar Amurka na 2010 da ake kira Common Core, waɗanda iyaye da yawa ke ɗora wa laifin akwatunan nan, su da kansu sun ce yaro ya haddace sau na duk lambobi masu gurbi ɗaya kafin ƙarshen aji uku, ya iya tsohuwar hanyar sau a aji biyar, doguwar rabawa a aji shida. Saɓanin na gaske a kan jeri ne da lokaci, wanne za a fara da shi, kuma yaushe za a bar akwati a koma gajeriyar hanya.

## Haddar ma ba ta kai yawan da ake tsoro ba

Daga 1 sau 1 zuwa 10 sau 10 guda 100 ne. Yaron da ya gane juyawa ba ta canza amsa ya rage su zuwa 55. A cire na 1 da na 10 da na 2 da na 5 waɗanda ba sa ba da wahala, saura 21. Su ma akwai ƙofar shiga: na 4 ninki biyu ne na na 2, na 8 ninki biyu ne na na 4, na 9 kuwa sau 10 ne a cire ɗaya, 9 sau 6 shi ne 60 ban da 6. In 7 sau 8 ta ɓace, 5 sau 8 arba'in da 2 sau 8 sha shida, 56. Wannan fasawar ita ce dai wadda ke cikin akwati, ita ce kuma za ta dawo a aljabra.

Dabarun nan tsani ne, ana so a kai lokacin da amsar za ta zo ba tare da su ba. Abin da binciken koyo ya tabbatar sosai shi ne ɗan atisaye na mintuna kaɗan a rarrabe cikin kwanaki, inda yaro ke ƙoƙarin tunowa da kansa, ya fi zaman awa guda na maimaici. Rerawa a jere ma na da nata gibin, akwai yaron da in ka ce 6 sau 7 sai ya faro daga 6 sau 1, shi ya sa ake tambaya a gauraye, ana kuma haɗa ta da rabawa tun farko: 6 sau 7 42 ne, to 42 a raba 6 fa, a raba 7 fa?

## Abin da hakan ke jawo wa yaro da malami da iyaye

Yaron da aka ba hanya huɗu ko biyar a mako ɗaya ba tare da an nuna masa alaƙarsu ba yakan fita bai riƙe ko ɗaya ba, kuma masu rauni a aji su suka fi shan wannan. Wanda aka ba hadda zalla yakan yi kyau a aji uku da huɗu, sai an zo tambayoyin labari da lissafin kaso abin ya bayyana, ya riƙa farautar kalma, in ya ga "kowane" ya yi sau ko da tambayar rabawa take nema.

A wajen malami hanyoyin fahimta sun fi cin lokaci da shiri, suna buƙatar ya zagaya ya ga abin da kowane yaro ke yi, abin da ke da wuya in aji ya cika maƙil. Kayan aikin dai ba su ne matsala ba, ƙananan duwatsu ko takarda mai gida-gida sun isa a yi jeri. Horon malamin shi ne abin da ke da tsada, kuma manhaja kan canza da sauri fiye da yadda ake sake horar da masu koyar da ita.

Iyaye kuma ba laifi ba ne su nuna wa yaro hanyar da suka iya, tunda makarantar ma can za ta kai shi. Inda ake samun matsala shi ne a ce masa ta malama shirme ce, ko a ba shi gajeriyar hanya a makon da ake ƙoƙarin nuna masa daga ina lambobin suke fitowa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi tambaya ɗaya ta hanyoyin biyu gefe da gefe a ce ya nemo inda 92 ta ɓuya a cikin akwatin, ko kafin ya fara a tambaye shi amsar za ta kai ɗari uku ko ba za ta kai ba. In kuma yaro ya kai aji biyar ko shida har yanzu da yatsu yake nemo 6 sau 4, ko akwati kaɗai ya sani ba a fara nuna masa jeren lambobi ba, wannan ya isa dalilin zuwa a zauna da malaminsa a ji a wane zango aka tsara zai koma gajeriyar hanyar.